Ƙauyen Da Aka Ɗauko A Kan Tirela



Duk wanda Allah ya ƙaddara masa sauka a birnin Amstadam na ƙasar Holan, ko fatauci ne ya kai shi, ko neman ilimi, ko kuwa jirgi ne ya ajiye shi na ɗan lokaci kafin ya wuce wata ƙasa, da wuya ya kwana biyu bai sami wanda ya ba shi shawarar ya je Zaanse Schans ba, watau wani ɗan ƙauye da ke arewa da birnin, a bakin kogin Zaan, inda ake cewa nan mutum zai ga Holan ta dauri kamar yadda kakanni suka bar ta. Shawarar ba ta da aibu, tafiyar kuma ba ta da wuya, domin wuni guda ya ishi mutum ya je ya komo. Amma da yake sau da yawa abin da ake faɗa wa baƙo daban yake da haƙiƙanin al'amari, na ga ya kamata yau mu bi wannan hanya tare, a tsanake, mu rarrabe abin da yake na asali da abin da aka shirya domin ido.

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Amstadam tafiyar ba ta cika minti ashirin ba, sai mutum ya sauka a tashar Zaandijk, ya taka da ƙafa kamar rubu'in sa'a zuwa gadar da ke ƙetare kogin. Tun kafin idonsa ya ga komai hancinsa zai riga shi, gama iskar wurin cike take da ƙamshin koko, mai nauyi, mai ɗan ɗaci, wanda ke fitowa daga masana'antun da ke jere a bakin ruwa, suna aiki dare da rana. Tashar jiragen ruwa ta Amstadam ita ce kan gaba a duniya wajen sauke koko, mafi yawansa kuwa daga Kwaddebuwa da Gana da Najeriya da Kamaru yake zuwa. Saboda haka wanda ya taɓa yin ƙwadago a gonakin koko na ƙasar Asante ko na ƙasar Yarbawa, ko ya ga yadda ake shanya shi a rana ana ɗura shi cikin buhuna, in ya tsaya a kan wannan gada, to, ya zo inda buhunan nan suke ƙarewa.

Daga kan gadar ne ake hango abin da aka zo dominsa: injinan iska a jere a gaɓar kogi, kowanne da fikafikai huɗu masu tsawo, waɗansu na juyawa waɗansu na tsaye, a gefensu kuma ƙananan gidajen katako masu koren fenti da farin ado a goshi, da 'yan gadoji a kan magudanan ruwa, da tumaki suna kiwo a fili mai lema. Mai kallo zai rantse ƙarni uku ke nan wurin yana haka. Alhali kuwa kafin shekarar 1961 babu wannan ƙauye sam, fili ne kawai na ciyawa da ruwa, da 'yan injina ƙalilan a bakin kogi. Abin da ya faru shi ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun lardin suka shiga faɗaɗa, ana ta rushe tsofaffin gidaje domin a sami wurin gini da hanyar mota, sai wani mai zanen gine-gine, Jaap Schipper, ya kawo shawara tun 1946 cewa maimakon a bar su su ƙare ɗaya bayan ɗaya, a tattaro waɗanda suka saura a ajiye su wuri guda. Tsakanin 1961 da 1974 aka yi ta ɗauko su daga garuruwan da ke kewaye, wani a wargaje a sake haɗa shi, wani kuwa ɗungurungum a kan tirela ko a kan kwalekwalen dakon kaya. Injin da ake kira De Zoeker, a 1968 aka ɗauko shi daga Zaandijk, sai da aka ɗaga gangar jikinsa sama aka tsallake da ita wayoyin lantarkin hanyar jirgin ƙasa.

Dalilin da ya sa wannan ƙaura ta yiwu shi ne dalilin da ya sa aka gina gidajen da katako tun farko. Ƙasar wurin fadama ce mai laushi, wadda in an ɗora mata ginin dutse mai nauyi sai ta haɗiye shi sannu a hankali, don haka mutanen Zaan suka koma ga itace, wanda ba ya danne ƙasa, wanda kuma yake a wadace a hannunsu. A waɗansu daga cikin tsofaffin gidajen akwai ƙofa ta gaba, mai ado, wadda a al'adarsu ta dā ba a buɗe ta sai ranar aure da ranar fitar da gawa, sauran kwanakin rayuwa duka ta ƙofar gefe ake shiga da fita.

To, a nan akwai mas'ala wadda masu nazarin kayan tarihi suka daɗe suna saɓani a kanta: shin gidan da aka cire daga unguwarsa, aka raba shi da maƙwabtansa da hanyar da ke wucewa ta ƙofarsa, aka dasa shi cikin waɗansu gidaje da bai taɓa zama kusa da su ba, har yanzu shaidar tarihi ne, ko kuwa ya zama kayan wasan kwaikwayo? Ni dai a nawa ganin, tunda zaɓin da ke gaban mutanen nan bai wuce biyu ba, ko a ɗauke ko a rushe, ba su yi laifi ba da suka ɗauke, kuma ba su ɓoye wa kowa abin da suka yi ba. Inda nake da ja shi ne sunan ƙauyen gargajiya da masu tallar yawon buɗe ido suka laƙaba wa wurin, domin yana sa baƙo ya zaci rayuwar manoma ce ta natsuwa yake kallo, bisa ga haƙiƙa kuwa abin da ke gabansa ragowar ɗaya ce daga cikin unguwannin masana'antu mafiya daɗewa a Turai, wuri mai hayaniya da ƙura da wari, inda leburori suka sha wuya 'yan kasuwa suka tara dukiya.

Yawancin mutane in an ambaci injin iska na Holan, injin kwashe ruwa suke nufi, irin goma sha taran nan na Kinderdijk, tunda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da fuskar teku, dole a riƙa fitar da ruwa in ana so a zauna. Na kogin Zaan ba wannan ne babban aikinsu ba. Su na sana'a ne: tsaga katako, tatsar mai, niƙa kayan yaji da kayan rini, surfa sha'ir, yin takarda, niƙa taba. Mafarin al'amarin yana komawa ga wani mutumin Uitgeest, Cornelis Corneliszoon, wanda a wajen 1594 ya ƙera injin da iska ke tafiyar da zarto, ta hanyar wani ƙarfe mai gwiwa, irin wanda makanikai suka sani a cikin injin mota, wanda ke mayar da juyi ya koma hawa da sauka. Hikimar ƙarama ce in an dube ta, amma fa'idarta ba ta misaltuwa, gama aikin da masu zarton hannu ke shafe watanni suna yi, sai ga iska tana gama shi cikin 'yan kwanaki. Masu zarton hannu na Amstadam, da yake suna da ƙungiya mai ƙarfi, suka daɗe suna tare wa injin hanya a birninsu domin tsoron rasa abinci, sai sana'ar ta tare a bakin Zaan, inda babu mai hana ta. Katako ya yi araha, maƙeran jiragen ruwa suka cika gaɓar kogin, sauran sana'o'i suka biyo baya, har a farkon rabin ƙarni na 18 injina wajen 600 suke juyawa a wannan ɗan lardi a lokaci guda.

Wanda yake so ya ga yadda wannan zarto ke aiki sai ya shiga Het Jonge Schaap, wanda shi ma ba na asali ba ne, domin na farkon, da aka gina a 1680, an rushe shi a 1942, wannan kuwa an gina shi ne a 2007 bisa ga zanen da wani mai hangen nesa ya yi wa tsohon kafin a rushe shi. Gumaguman itace na kwance cikin ruwa a gefensa, an jiƙa su shekara da shekaru domin kada katakon ya tsage ko ya karkace daga baya, iskar kuma ita ce ke jawo gungumen zuwa ciki, ita ce ke tura shi gaba kaɗan kaɗan, ita ce ke ɗaga zarta tana sauke su.

Amma in lokaci ya ƙure, mutum ba zai iya shiga fiye da guda ba, shawarata ya shiga injin mai. Da zarar ya tsallaka bakin ƙofa zai ji daɓen katako yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ginin duka yana kuka kamar zai rabu. A tsakiyar ɗakin ga waɗansu duwatsun niƙa biyu, kowanne ya kai tsayin mutum, ba a kwance suke ba, a tsaye suke bisa gefensu, suna bin juna a kewaye suna murƙushe abin da aka zuba musu, wani katako kuma na biye da su yana maido da garin ƙarƙashinsu. A De Zoeker gyaɗa ake murƙushewa. In ta yi laushi sai mai injin ya kwashe ta ya zuba a wani faffaɗan kasko a bisa murhu, wani ƙarfe na juya ta don kada ta ƙone, sa'an nan ya ɗura ta da ɗuminta cikin 'yan jakunkuna, ya naɗe su, ya cusa su cikin ramin da aka fafe a jikin wani ƙaton gungume, ya kafa turaku a tsakani. Daga nan sai ya saki wata igiya, wani dogon itace mai nauyi ya dinga ɗagawa yana faɗowa a kan turken, dum, dum, dum, turken na nutsewa yana matse jakunkunan, man yana tsiyaya a wani kwano a ƙasa. Duk macen da ta taɓa tuyar ƙuliƙuli za ta gane kowane mataki na wannan aiki, tun daga niƙa har ɗumamawa har matsa, sai dai abin da take yi da damtsenta a cikin turmi, a nan iska ce ke yi, tunkuzar da ta rage kuwa shanu ake ba. Ƙarar wannan duka ta isa ta hana mutum jin maganar na kusa da shi, kuma sananne ne a lardin cewa masu aikin injin mai na dā da yawansu kurumcewa suke yi kafin su tsufa.

Bayan wannan sai a hau tsani mai tsananin miƙewa, wanda ya fi kyau mai babbar riga ya tattare ta kafin ya taka shi, a wuce manyan ƙafafun itace masu haƙora da ake shafa wa kakin zuma domin su yi santsi, a fita kan barandar da ta kewaye injin. A nan ne ake sanin cewa fikafikan nan, da ake hangowa daga nesa kamar suna juyi a hankali, wucewa suke yi da gudu da gurnani, har an gitta shinge don kada wani ya matsa. A nan kuma mai injin yake wuni, idonsa a sama. In iska ta sauya fuska, sai ya kama wata ƙafar juyi mai sarƙa ya karkato kan injin gaba ɗaya ya fuskance ta. In ta yi rauni, sai ya tsai da fikafikan ɗaya bayan ɗaya ya hau ya shimfiɗa musu ƙyalle, in ta yi ƙarfi ya naɗe shi. In kuwa ya yi sakaci hadari ya riske shi injin na gudu, birkin itacen yana iya yin zafi har ya kama wuta, jikin injin kuwa itace ne da rufin ciyawa, kuma da yawa daga cikin ɗaruruwan nan gobara ce ta ci su.

Sauran kuwa injin tururi ne ya kashe su a ƙarni na 19, domin shi ba ya jiran iska. Da aka ga sun kusa ƙarewa, wani malamin makaranta mai zane, Frans Mars, ya kafa ƙungiyar De Zaansche Molen a 1925, ita ce kuma ke riƙe da yawancin waɗanda suka tsira har yau. Sai dai ginin da babu mai tafiyar da shi ruɓewa yake yi, ilimin tafiyar da shi kuwa ba ya zama a takarda kaɗai. Saboda haka a ƙasar akwai ƙungiyar masu aikin injin iska na sa kai, inda ɗalibi ke lazimtar gwani, ya yi aiki a ƙarƙashinsa cikin dukkan yanayin shekara huɗu domin ya san halin iskar kowanne, ya koyi karanta gajimare, sa'an nan a jarraba shi a ba shi ijaza, kafin a yarda ya tsaya shi kaɗai. A 2017 hukumar UNESCO ta shigar da wannan sana'a cikin jerin al'adun 'yan Adam da ya wajaba a kiyaye. A ganina wannan silsila ta malami da almajiri ita ce tsohon abu na haƙiƙa a Zaanse Schans, fiye da kowane bango da kowace taga.

Sauran abubuwan ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai rumfar takalman itace, inda saurayi zai ɗauki ɗanyen guntun itace ya sa a inji, cikin 'yan mintoci ya fito da takalmi, ya hura bakinsa a ciki ruwa ya tsattsafo ta jikin itacen, jama'a su yi tafi, daga nan a bi da su ta cikin kanti. Akwai gidan cuku, inda 'yan mata sanye da tufafin dā suke ba da ɗanɗano, shi ma ta kanti ake fita. Akwai kwafin kantin farko na Albert Heijn, wanda ya fara a ƙauyen Oostzaan a 1887, ya zama babban kamfanin kantuna na ƙasar. Babu laifi a cikinsu, kasuwa ce, kuma mutanen Zaan ba su taɓa jin kunyar kasuwa ba.

Abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne tambayar da ƙamshin injin De Huisman zai jefa wa mai hankali, in ya shiga ya tarar da kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, ko ya shiga injin De Kat, inda ake niƙa alli da launukan fenti, ya ji labarin itatuwan rini da ake kawowa daga ƙasashe masu zafi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke tsirowa a Holan. Jiragen ruwa ne suka kawo su, a zamanin kamfanin Gabashin Indiya da aka kafa a 1602 da na Yammacin Indiya da aka kafa a 1621, kuma wannan na biyun shi ne ya ƙwace ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau daga hannun Turawan Fotugal a 1637, ta zauna a hannun Holan har 1872. 'Yan Afirka wajen 600,000 jiragen Holan suka kwasa zuwa ƙetaren Atlantika a matsayin bayi, kuma sai a ranar 1 ga Yuli 2023 Sarki Willem-Alexander ya tsaya a bainar jama'a ya nemi gafara. Ba ina cewa kowane mai injin a bakin Zaan mai fataucin bayi ba ne, wannan zai zama zalunci a hukunci. Ina cewa ne taba da koko da kayan yajin da duwatsun nan suka niƙa, a wani wuri aka noma su, da yawa kuma hannun da ba a biya ba ne ya noma su, iska dai kyauta ce, amma ba ita kaɗai ta gina korayen gidajen nan ba.

Musulmin da zai yi wannan tafiya ya lura da lokaci, gama a tsakiyar watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa tun ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi. A garin Zaandam akwai babban masallacin Sultan Ahmet, na Turkawan da suka zo aiki a masana'antun lardin tun shekarun 1960. Ya kuma yi sammako, ya zaɓi ranar da ake iska, domin ran da iska ta kwanta fikafikan tsayawa suke yi, duwatsun ma haka.

Sammakon yana da wani dalili. A gidajen nan akwai mutane wajen ɗari da ke zaune da iyalinsu, maziyarta kuwa a 2024 sun kai miliyan 2.6. Daga hantsi manyan motoci ke fara juye jama'a, mafi yawansu sa'a ɗaya ko biyu za su yi, su ɗauki hoto a gaban injin da ba su shiga ba, waɗansu har su tura ƙofar lambun mutane, ko su manna fuska a tagar mai gida yana cin abinci, a zatonsu shi ma yana cikin kayan kallo. A 2025 majalisar ƙaramar hukumar wurin, Zaanstad, ta fito da shirin karɓar Yuro 17.50 daga kowane baƙo a bakin shiga, wurin da har zuwa lokacin ake shigarsa kyauta sai in za a hau inji ko a shiga gidan tarihi, masu kantuna kuwa suka tashi haiƙan suna cewa za a kashe musu ciniki. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, ko da yake ni na fi tausaya wa mai gidan.

Wannan ɗabi'a ta leƙe kuwa ba baƙuwa ba ce a bakin Zaan, sai dai a dā 'yan gari ne ke yi wa baƙo. A watan Agusta na 1697 Sarkin Rasha Bitrus, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Babba, ya iso Zaandam yana matashi ɗan shekara 25, ya ɓad da kama da sunan Bitrus Mikhailov, ya kama haya a ɗan gidan katakon wani maƙeri, ya sayi kayan kafinta ya shiga maƙerar jiragen ruwa domin ya koyi sana'ar da hannunsa. Amma mutum ne dogo ƙwarai, wanda ba ya ɓoyuwa, labari ya bazu, jama'a suka dinga binsa duk inda ya sa ƙafa, suna taruwa suna kallonsa, har ya fusata, bayan kamar mako guda ya tattara ya koma Amstadam, inda aka ba shi wuri a maƙerar kamfanin Gabashin Indiya mai katanga da ƙofa. Gidan da ya kwana yana nan a Zaandam, a inda yake tun asali, ya karkace saboda tsufa da laushin ƙasa, an gina masa rumfar bulo an rufe shi ciki a ƙarshen ƙarni na 19. Tashar Zaandam tana kan hanyar komawa Amstadam, wanda ya bar ƙauyen da la'asar yana iya sauka ya taka zuwa can kafin a rufe.